Kukan Almuru

Duk wadda ta taɓa jego ta san wannan sa'ar. An yi sallar magariba, an yi wa jariri wanka, ya sha nono ya yi barci har an sa shi a gidan sauro. Uwa ta jawo kwanon tuwo ke nan, sai ya callara kuka kamar an mintsine shi. Innata kukan almuru take ce masa.

A 2023 na je wankan gida Bugaje, garinmu da ke ƙasar Jibiya, kuma kafin a yi sati uku da suna na ji fassarar wannan kuka kala-kala. Inna ta ce almuru lokacin yawon mutanen ɓoye ne, sai tofi da turare. Goggona da ke aure a Ɗan Isa, can ƙetaren iyaka, ta ce, "Ke 'yar nan, nononki ne ba ya ƙosar da shi, a haɗa masa da bauri." Wata maƙwabciya kuwa beli ta gano, wai a kira wanzami. Tofi ban taɓa musu da shi ba, addu'a ce. Bauri da aska ne na ce a'a, don har wata shida nono zalla ya ishi yaro. Amma maganar nonon nan ta fi kukan ci mani rai, domin an mayar da laifin kan wadda ba ta runtsa ba.

To, mai karatu, abin da likitocin yara suka gano ba shi da wuyar fahimta. Barci zagaye-zagaye ne. Na babba yakan ɗauki kamar minti 90, na jariri kuwa kamar 50 ne kawai. In ya kai ƙarshen zagayen farko sai barcin ya yi sama-sama, ya laluba ya ji babu nonon da ya yi barci a kai, babu ɗumin jikin uwa. Yaron da ya wuni hannu-hannu wajen 'yan barka ma ya fi saurin farkawa, don gajiya in ta yi yawa hana barci take. Tun 1962 wani likitan Amurka, Brazelton, ya bi diddigin jarirai 80, ya ga kukansu ya fi yawa da yamma, yana ƙaruwa har sati shida, sannan ya ja baya wajen wata uku.

Sati shida fa! Arba'in ke nan, daidai lokacin da mai jego ke tattara kayanta ta koma ɗakinta. Tana isa kukan na kai maƙura, ga babu Inna mai karɓa, sai dangin miji su fara cewa wani abu aka ɗebo a hanya.

A wajenmu maganar ta wuce ta rashin barci. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Jibiya sun koya wa mutane kada a hau hanyar Katsina da dare sai dole. Saboda haka uwa ce, da 'yar fitilarta, za ta yanke ko wannan kukan na jiran safiya ne ko a'a. In yaro yana kama nono, jikinsa ba zafi, kuma goyo ko ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa na lafar da shi, na almuru ne. In hannu ya gaji a miƙa wa wata, kada dai a girgiza shi da ƙarfi, ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗauka. Amma in ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi rau ko sanyi ƙalau, ko maɗigarsa ta kumbura, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na shigewa ciki, ko ya fara jijjiga, wannan ba na tofi kaɗai ba ne. A tashi mai gida, a buga wa mai mota, a nufi asibiti mafi kusa.