Rufin Ɗakin Inna Ba Zai Jira Abuja Ba

Mubi, daren Alhamis

Yaya,

Yaya zafin Kano? Mu nan alhamdu lillahi, babu wanda ya ji ko ƙwarzane. Inna ta ce lallai da wannan zan fara, don kada hankalinka ya tashi.

Na zauna rubuto maka ne saboda wayar da muka yi shekaranjiya ba ta yi daɗi ba. Layi yana ta yankewa, ni raina a ɓace, kai kuma kana ta nanata cewa mu yi haƙuri mu jira, ai gwamnatin tarayya za ta kawo kwano. Ka yafe mini yadda na ɗaga murya. Yanzu na huce, bari in warware maka zare da abawa.

Ranar Litinin bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ta wajen duwatsun Mandara, samansa baƙi ƙirin, ƙasansa ja wur saboda ƙura. Ka san halinsa a farkon damina, iska ce ke riga ruwa isowa. Inna tana tsakar gida tana kwashe shanya, ƙofar ɗakinta a buɗe. Sai na ji wata ƙara kamar an yaga sabon yadi a bakin kunnena. Ina ɗaga kai na ga rufin ya tashi gaba ɗaya har da katakonsa, ya ɗan tsaya a sama kamar mai shawara, sannan ya je ya kife a bayan gidan maƙwabta. Allah ya kiyaye, yaransu sun riga sun shige ɗaki. Ruwan da ya biyo baya bai wuce na rabin sa'a ba, amma ya jiƙa katifa da buhun masara biyu da akwatin marigayi Baba. Kwana biyu Inna ta yi tana shanya takardun filinsa a kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya, kowace ta danne ta da ɗan dutse. Ba ta yi kukan rufi ba, sai da ta ga tawadar sa hannun Baba ta narke.

A layinmu kaɗai gida shida ne suka kwana a buɗe. Turakun wuta sun kwanta a kan hanya, dogon yaron ƙofar masallaci ya tumɓuke daga saiwa. Inna yanzu tana ɗakin matata, ni kuma ina zaure tare da sauro.

To, mu zo kan maganar tallafi. Ba na ce ƙarya ba ne, Yaya. Ni da kai mun san hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tana aiki. A ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram suka shigo Mubi muka fice da ƙafa ta daji, wa ya ciyar da dubban mutane a sansanonin Damare da Malkohi a Yola? Goggo ta yi watanni a can, kuma har yau bargon da aka ba ta yana nan. Duk wanda ya ce ba a ba da komai, bai yi adalci ba. Abin da nake so ka gane shi ne doguwar hanyar da takarda ke bi kafin ta zama kwano.

Da farko mai unguwa zai zagaya ya rubuta gidajen da abin ya shafa. Ya yi wannan tun washegari, Allah ya saka masa, da littafinsa na 'yan makaranta. Daga nan sai ƙaramar hukuma ta tattara ta aika Yola, wurin hukumar agajin gaggawa ta jiha, ADSEMA. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin jiha, sai ma'aikatan NEMA na ofishin Yola su taso, su bi ta Song da Gombi da Hong su zo su gani da idonsu, su ɗauki hotuna, su ƙirga. Rahotonsu ya tafi Abuja, a duba shi tare da na sauran jihohi, domin a watannin Afrilu da Mayu ba mu kaɗai iska ke kwaye wa rufi ba. Sai an amince, sannan a fitar da kaya daga rumbu, a ɗora a mota, a sa ranar rabo. Ko da kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah, wannan tafiya ta makonni ce. Hadari kuwa tun jiya ya sake haɗowa.

Sannan akwai abin da mutane da yawa ba su fahimta ba, har da kai, in ka yi mini afuwa. Abin da ake kawowa agaji ne, ba diyya ba. Babu wanda zai auna ɗakin Inna ya ce ga kuɗinsa. Abin da aka saba gani shi ne kwano da ƙusa da siminti da silin, sai shinkafa, masara, man girki, tabarma, bargo da gidan sauro, a raba wa duk waɗanda ke cikin jerin sunaye. Bandir ɗaya na kwano falle 20 ne. Kafinta ya ce ɗakin Inna da barandarsa sai bandir biyu da rabi. In rabo ya zo aka ba mu falle goma, mun gode, da babu gara ba daɗi. Amma katako fa, da ladan kafinta?

Ka tuna guguwar da ta yi wa garin Bauchi kaca-kaca a watan Yunin 2018, har shugaba Buhari ya je jaje da kansa? Irin wannan ita ce ke cika gidajen rediyo, manya su motsa da wuri. Tamu ta layi biyu-uku ce a gari mai nisa da Abuja, bakin iyakar Kamaru. Da wuya ta samu ko minti ɗaya a labaran yamma. Kuma da zarar ruwa ya kankama, hankalin kowa zai koma kan kogin Binuwai da madatsar Lagdo, a shiga maganar ambaliya, mu 'yan iska (ka ji yadda sunan ma ya fito!) mu koma ƙasan tari.

Wani abin da ya ƙara tunzura ni ranar da muka yi waya: wani saurayi ya shigo unguwa da jaka da biro a kunne, wai shi ke cika fom na tallafi, kowane gida a ba shi kuɗin rajista. Wata tsohuwa a bayanmu har ta kwance bakin zanenta ta ba shi. Ni na tambaye shi daga wane ofishi yake, sai ya ce zai je ya dawo. Har yanzu yana dawowa. Na bi gida-gida na faɗa wa mutane cewa ba a sayen shiga jerin agaji, kowa ya tsaya ga abin da mai unguwa ya rubuta.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Da kafinta ya zo ya hau kan bangon, ya kira ni ya nuna mini. Ya ce, “Malam, kwanonku bai gaza ba, duba, ƙusoshinsa suna nan daram a jikin katako. Katakon ne aka ɗora a kan bulo kawai kamar hula.” Ashe babu abin da ya ɗaure rufin da ginin. Iska in ta shiga ta ƙofa ba ta samu mafita ba, sai ta tura rufi daga ciki, ta waje kuma tana zuƙarsa sama. Ya ce a wannan karon sai an zuba linta a kewaye, a bar rodi a tsaye a lanƙwasa shi a kan katako, a rage tsawon bakin kwano da ke leƙowa waje ta gabas, a kuma yi amfani da tubaifo maimakon siraran katakon da muka sa don tsimi. Mu ne muka sa su, ni da kai, shekarar da aka yi bikin autarmu kuɗi suka ƙare. Ba zan ɗora wa iska laifin duka ba. Ko da a ce gobe tirela ta sauke mana kwano kyauta muka mayar da shi yadda yake, baɗi ma a bayan gidan maƙwabta za mu tsince shi.

Saboda haka ga shawarata. Sunan Inna yana cikin jeri, na gani da idona, kuma na ɗauki hotunan ɓarnar a waya kafin mu taɓa komai, don kada masu dubawa su zo su tarar da sabon rufi su ce ba abin da ya same mu. Mu gyara yanzu da kuɗinmu. In tallafi ya iso, kwanon ya tafi ɗakin girki, wanda dama yana yoyo, abincin kuma ya maye gurbin masarar da ta jiƙe. Ni zan kai ragon nan kasuwar dabbobi in sayar, zai ɗauki katako da rodi. Kawu ya yi alkawarin yashi da buhun siminti biyu. Abin da ya rage kwano ne da ladan aiki, kuma nan ne nake roƙonka ka shigo. Na haɗo maka lissafin kafinta da rubutun hannunsa. Ya ce kada mu wuce mako, domin tun da iskar nan ta auku masu sayar da kwano suka fara ɗaga kai, kuma shi ma gida huɗu ke jiransa.

Mun ja tamfol a kan bangon don kada ruwa ya ci bulo, amma ka san tamfol, iska kaɗan ta ishe shi. Inna ta ce in gaya maka kada ka takura kanka, in babu ba komai. Ni dai na isar da saƙonta, amma na ga yadda take leƙa sama duk la'asar.

Ka gaishe mini da Anti da yara. Ka ce wa babbansu, mangwaron da ya shuka a bayan gida ya tsira, reshe ɗaya kawai ya karye. In ka turo kuɗin, ka kira ni da safe kafin ƙarfe takwas, lokacin layi ya fi kyau.

Wassalam.

Naka,
ƙaninka