Abin da «da sauƙi» ke ɓoyewa

In aka tambayi Bahaushe majinyaci «yaya jiki?», amsa guda ce: «da sauƙi». Ko da daren jiya bai runtsa ba, ko da ya kwana yana cizon gefen zane, da sauƙi zai ce. Tarbiyya ce, kuma kyakkyawa: an hore shi da haƙuri da dauriya, an nuna masa cewa raki abin kunya ne. Amma ga mai ciwon daji, wato sankara ko kansa, wannan ladabi yakan koma masa cuta ta biyu. Ma'aikaciyar jinya ta ji «da sauƙi», ta wuce gado na gaba, raɗaɗin kuwa yana nan.

Ita ce kuma ke kusa da shi. Likita yakan zagaya da safe ya tafi. A likitocin karkara ma majo shi ne komai. A 2021 aka buɗe a Yamai cibiyar farko ta ƙasa mai ƙona ciwon daji da haske, abin farin ciki ne, sai dai da yawa ba su isa asibiti sai ciwon ya ci jiki. A lokacin warkewa ta yi wuya, amma kashe zafin bai gagara ba, kuma ba ya bukatar na'ura mai tsada.

Wadda ta fara tsayawa kan wannan magana, Cicely Saunders ta Ingila, da aikin jinya ta soma kafin ta zama likita. A gidan jinyar da ta buɗe a Landan a 1967 ta nuna cewa kuskure ne a jira majinyaci ya yi kuka kafin a ba shi magani. A ba shi bisa agogo, kafin zafin ya dawo. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara abin kamar tsani mai hawa 3: farasitamol da ire-irensa ga ciwo mai sauƙi, kodin ga matsakaici, morfin ga mai tsanani. Ta baki ake sha, morfin na ruwa kowace awa 4. Ilimin bai fi ƙarfin kowane mai jinya ba. Abin da ke da wuya shi ne cire tsoro.

Tsoron kuwa yana da dalili. Duk wanda ya ga yadda tramol ya lalata samari a tashoshin mota da kasuwanni, zai ɗaga hannu in ya ji sunan morfin. Wasu na ganin maye zai jawo, wasu na ganin ajali yake kusantarwa, har dangi su ɗauka cewa an fid da rai ke nan. Amma mai shan ƙwaya don jin daɗi dabam, wanda ciwo ke ci a ƙashi dabam. In an fara da kaɗan, ana ƙarawa gwargwadon zafi, ana lura, majinyaci yakan samu barci, ya ci abinci, ya yi salla cikin natsuwa, ya bar wasiyya da hankalinsa. Wani binciken mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani.

Yuganda ta gwada wata hanya. A 1993 Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala. Garin morfin suke narkawa da ruwa, su zuba a kwalabe, da araha ƙwarai. Sai aka tarar da cikas: doka ta ce likita kaɗai ke rubuta shi, ƙauyuka kuwa ba likita. A 2004 aka sauya dokar, aka yarje wa masu jinya da suka yi horo na musamman na wata 9 su rubuta morfin da kansu. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka. Da yake morfin na sa taurin ciki, har garin busassun ƴaƴan gwanda suka koya wa iyalai bayarwa.

Makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram, inda ake yaye masu jinya, nan ne wurin wannan darasi, kuma farkonsa tambaya ce. Ana nuna wa majinyaci hannu: dunƙulalle, babu ciwo, yatsu 5, ciwon da ba ya jurewa. Dattijon da ba zai taɓa cewa «ina shan wuya» gaban surukarsa ba, zai iya ɗaga yatsu 4 bai yi magana ba. Daga nan a tambaye shi: «Baba, ina ne ke ciwon? Suka yake ko zugi ko ƙuna? Ya hana ka barci?» A rubuta adadin a takardarsa, a ba da magani, a dawo bayan awa guda a sake nuna masa hannu.