Aiki Da Godiya: Kwana Biyu A Ƙasar Gwarzo

Tun daga Kabuga nake mita. Kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga autata tana rigima a cinya, ga wata baiwar Allah ta ɗora min buhunta a ƙafa. Sai da muka wuce sabuwar jami'ar Bayero da barikin Janguza na ɗaga kai. Ƙarshen Nuwamba ne, hunturu ya fara busawa. Daga Rimin Gado har muka shiga ƙasar Kabo, hagu da dama dawa ce an girbe, mata suna roron wake, jakuna da amalanke suna jigilar kara. A Kabon nan akwai mazaɓar da ake kira Godiya. Tun ina yarinya na san sunan, ban taɓa tsayawa na ji shi da kunnen basira ba.

A Gwarzo muka sauka, ɗan acaba ya ƙarasa da mu ƙauyen Gwaggo. Mu Hausawa ne Kiristoci, jikokin Maguzawa. A birni har gobe ana tambayata, "Wai ke Bahaushiya ce ta asali?" A nan babu mai tambaya. Majami'ar ECWA ta kwano tana gabas da rijiya, masallaci yana yamma, rijiyar kuwa guda ce.

Gaisuwar rashi ta sake kawo ni. Mijin Gwaggo ya rasu tsakiyar damina, ana shirin maimai, taki bai samu ba. Gonar da kan ba da dami talatin, bana sha ɗaya ta bayar. Su ma ɗin gayya aka yi mata, samarin ikilisiya da 'ya'yan maƙwabcinta Musulmi suka girbe, suka kai har bakin rumbu.

"Gwaggo, ina aiki?"

"Aiki da godiya, 'yar nan."

Na ɗauka amsar baki ce, irin wadda duk muke yi wa juna a hanya. Da dare muna cin tuwon dawa miyar kuka, sai ta fara lissafi da yatsu. Rijiya ba ta ƙafe ba. Akuya ta haifi biyu, duka mata. Jikanta da zazzaɓi ya kayar a watan Agusta ga shi can yana dambe da ɗan'uwansa. Idonta yana ganin baƙin Littafi Mai Tsarki ba tabarau. Har haƙoranta ta ƙirga, tana dariya. Ni da na taho da nawa lissafin na kuɗin makaranta da haya, sai na rasa ta inda zan soma.

Washegari Lahadi ce ta godiyar kaka, ranar da kowane gida ke kai amfanin gonarsa gaban Ubangiji. Da asuba na tarar ta ware dami guda, mafi cika. Raina bai so ba.

"Gwaggo, ki bar shi bana. Goma ba za su kai ki bazara ba. Allah ya ga halin da kike ciki."

Ta dube ni. "Ya gani mana. To goman wa ya ba ni?"

Har yanzu ina ganin da gaskiyata, domin na san yadda mudu ke tsada idan Yuni ya kama. Amma na yi gammo na ɗauka, wuyan 'yar birni yana rawa. Gaban majami'a ya cika da dawa, gero, gyaɗa, kabewa, da zakaran da ya ƙi yin shiru har pasto ya gama wa'azi. Matan Zumunta suna kaɗa tulu da caki, Gwaggo tana tsakiyarsu, ita ke bayarwa suna amshi. Autata ta saki zanena ta bi layin yara, riƙe da ƙwan zabo ɗaya da aka danƙa mata.

Da za mu tafi ta ƙulla min wake da daddawa a leda. Na ce a'a, ta ce in ban karɓa ba kada in sake zuwa. A Gwarzo na biya ɗan acaba kuɗin buhun masara, na roƙe shi ya ajiye a ƙofar ɗakinta bayan magariba, kada ya ce daga wa.