Farantin Inna Da Abin Da Ke Rubuce A Bayansa

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san jere, wato tasoshi da kwanuka da farantai waɗanda mata kan shirya a bangon ɗaki. A jeren mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, akwai wani babban farantin tangaran, fari mai zanen shuɗi, wanda ta gada wurin uwarta, ba a kuwa saukowa da shi sai ranar Salla ko in an yi babban baƙo. Tun muna yara muke jin ana cewa daga ƙasar Sin ya fito, wai ya shekara ɗari uku.

Da aka zo rabon gado, sai ga wani dillali ya taya shi kuɗin rago guda. Nan fa magana ta tashi. Yayanmu ya ce tun da har dillali ya yi wannan tayi, lalle farantin ya yi kuɗin gida, a nemi mai saye. Ƙanwarmu kuwa ta ce ko nawa aka bayar ba za a sayar ba. Kwana uku ba su gaisa ba.

Ganin haka na naɗe farantin cikin zane, na kai wa wani dattijo wanda ya koyi sana'a a makarantar ginin tukwane ta garin Abuja, wanda a yau ake kira Suleja. Na ce, "Baba, gaskiyar wannan abu muke nema, don ya kusa raba zumunci."

Ya ce, "To ɗana, zauna ka gani da idonka."

Da farko ya ɗaga shi wajen hasken rana. Ya ce tangaran ɗin Sin na ainihi, irin na birnin Jingdezhen, in bai cika kauri ba haske kan ratsa shi. Namu kuwa ko kaɗan. Sa'an nan ya ƙwanƙwasa shi da farce. Mai lafiya kan yi amo kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa sai ya yi ƙara a dakushe. Namu ya yi amo, sai dai akwai 'yar ɓalla a bakinsa.

Daga nan ya nuna mini zanen: gada da mutum uku a kanta, tsuntsaye biyu a sama, da kwalekwale, da wata bishiya mai rassa a sunkuye wadda Turawa ke kira wilo. Ya ce ko da yake zanen ya yi kama da na mutanen Sin, a Ingila aka ƙago shi wajen shekarar 1790, masu ginin tangaran na lardin Staffordshire, irin su Spode, suka yi ta buga shi. Ba da hannu ake zana shi ba. A jikin farantin tagulla ake sassaƙa shi, a ɗauko da takarda, a manna wa tangaran kafin a gasa. Ya nuna mini inda bakin takardar ya haɗu a gefe, zanen ya ɗan goce.

Daga ƙarshe ya kife shi. Ga tambari, a ƙarƙashinsa an rubuta "England". Ya ce a 1890 Amurka ta yi dokar da ta tilasta a riƙa rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya, saboda haka galibin masu wannan kalma daga 1891 zuwa sama aka yi su. Masu "Made in England" kuwa yawanci na ƙarni na 20 ne. A ganinsa, namu ta kantunan Turawa ya shigo, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Na ce, "Baba, kuɗinsa fa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Abu uku ke sa wa tsohon kaya kuɗi: ƙarancinsa, da lafiyarsa, da sunan wanda ya yi shi. Irin wannan dubbai aka yi, ga shi da ɓalla. Dillalinku bai cuce ku ba, amma a bar maganar kuɗin gida."

Da na koma na ba da labari, Yaya ya yi shiru, can ya ce, "Ashe a kan rago guda muke neman ɓatawa." Aka ƙimanta farantin a kan tayin dillali, aka sa shi cikin rabon ƙanwarmu, kowa ya yarda.

Masu karatu, in kun tarar da irin wannan cikin kayan gado, kada ku yi gaggawar sayarwa, kada kuma ku gina buri a kan "an ce". Ku juya shi ku karanta bayansa, ku tambayi wanda ya sani. Namu dai yana nan. Ran Sallar da ta wuce a cikinsa aka zuba mana nama, Yaya ne ma ya fara sa hannu.