Ramin kurege a duwatsun Adar

Wanda ya fita birnin Tawa da sassafe, ya kama hanyar Tamaske zuwa Keta, tsauni zai yi ta gani dama da hauni. Bisa tsaunin fako ne, sai tsakuwa da baƙin dutse. Gonakin hatsi da dawa suna ƙasa, cikin kwari. Tsakanin dutse da gona, inda ruwa ya tara ƴar ƙasa mai laushi, nan kurege yake da gida.

Kowa ya san shi, da farin zane a kowane gefe da wutsiya buzu-buzu. Yakan gina raminsa gindin dutse, ko cikin saiwar icce, ko jikin suri. Sau da yawa ƙofa ba guda ba ce: in maciji ya shiga nan, shi ya fita can. Da rana yake kiwo. Abincinsa saiwoyi, da ƴaƴan itace, da ƙwari.

Amma manomi ba ya yabonsa. Da an yi shuka sai ya bi sahu yana tone iri. In gujiya ta nuna, shi ne mai fara girbi. Don haka wasu ke cewa a sa masa guba a huta.

To, a ji labarin wata ƙasa. Can tuddan Tibet, cikin ƙasar Sin, akwai wata ƴar dabba dangin zomo, ana ce mata pika. Ita ma rami take ginawa. Aka ce tana cinye ciyawar bisashe, aka yi shekaru ana zuba mata guba. Daga baya masana suka duba: inda aka kashe ta, tsuntsayen da ke sheƙa cikin ramunta sun ragu, ruwan sama kuma ba ya nutsewa ƙasa kamar da.

Mutanen Adar sun san darajar rami. Bayan farin 1984, cikin aikin raya karkara na Keta, mata da maza sun gina ramu jikin tsauni, sun jera duwatsu, don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa.

Jama'a, a tsare gona kwanakin shuka, a kafa tarko inda ɓarna ta yi yawa. Amma a yi hankali da guba. Ba ta san kurege ba, ba ta san zabo ba, balle yaron da ya tsinci mushe.