Kuɗin Tsohon Kwalekwale

A bakin Kogin Neja a Yawuri, fenti ba ya ruɗin masunci. Yakan sa a jawo kwalekwalen tudu a kife shi, ya ƙwanƙwasa katakon ƙasa, domin ruɓaɓɓe ba ya amsawa da ƙarfi. Ya duba ƙusoshi da wuraren da aka liƙe da kwalta. In da inji, sai an tayar da shi da sanyin safiya.

A ganina, farashin adalci shi ne kuɗin sabo, a cire shekarun da jirgin ya ci da gyaran da ke jiransa. Araha a nan abar tsoro ce, tunda rayuka za a ɗora. Mai sayarwa na iya cewa albarka, amma kada ya ɓoye inda ruwa ke shiga.