Kwana Tamanin a Bakin Bahar Rum

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma wannan tafiya da zan ba ku labari ba neman ilmi ya fitar da ni ba, lalura ce. Ranar 14 ga Fabrairu, 2022, malaman jami'o'in ƙasar nan suka shiga yajin aikin nan da ya ɗauki wata takwas. A lokacin ina aji ɗaya, sai na tattara 'yan komatsaina na koma ƙauyenmu. Na tarar ciwon ƙoda ya ci ƙarfin mahaifina, har 'yan'uwa sun yanke shawarar a kai shi Masar a yi masa aiki. An riga an sayar da shanun huɗa biyu da wata gona ta bakin fadama, saura wanda zai raka shi. Da yake ina zaune ba aikin fari ba na baƙi, ga kuma ɗan Larabcin Islamiyya a bakina, sai aka ce ni zan tafi.

To, mai karatu, akwai abin da ya kamata ka sani tun da wuri. Ni ne ɗan fari a gidanmu, mahaifina kuwa mutumin dā ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ambaci sunana ba, ban kuma taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In yana da magana da ni, sai ya faɗa wa ƙanensa, shi kuma ya faɗa mini. Ko ranar da na sami gurbin karatun Hausa, ta bakin wannan baffa nawa na ji abin da ya ce, wai yaron da aka haifa da Hausa a baki, me kuma zai je jami'a ya koyo a cikinta? Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai. Ga shi yau an haɗa mu tafiya, daga ni sai shi.

A birnin Mansura aka yi masa aikin farko. Wannan birni shi ne inda aka tsare Sarkin Faransa Luwis na Tara a shekarar 1250 bayan an ci rundunarsa da yaƙi, gidan da aka tsare shi yana nan har yanzu ana zuwa kallo. Likita ya ce sai an jira makonni kafin aiki na biyu, kuma a riƙa kawo shi ana dubawa. Muka lissafa kuɗin masauki muka ga ba za mu kai labari ba. Sai wani ɗalibi Bakano da ke karatu a can ya ba mu shawara mu koma Ra'asul Barri, watau wani ɗan gari na bakin teku a lardin Dumyaɗ, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota. Ya ce garin 'yan hutun lokacin zafi ne, da sanyi kuwa ba kowa, masu gidaje neman ɗan haya suke ido rufe.

Muka isa ranar 3 ga Maris. Wallahi da na ga garin sai da gabana ya faɗi. Tituna ne a miƙe sambal, kowanne da lambarsa, ga gidaje reras an kulle tagoginsu da katako, ba motsin kowa sai kyanwoyi. Misirawa suna kiran irin waɗannan gidaje ishsha, watau bukka, domin a zamanin dā da tabarmin kara ake kafa su in zafi ya zo, a kwance su in ya wuce. Yanzu duk na siminti ne, sunan ne kawai ya saura. Mai gadin gidan, wani dattijo mutumin kudancin Masar, ya ba mu ɗaki biyu da madafa a hawa na ƙasa. Ya ce abin da za mu biya a wata, in a Agusta ne ko mako guda ba zai kama mana ba.

Gidan an gina shi ne don a sha iska, ba don a tsere mata ba. Ƙasa tayil, ƙofofi duk kafa, ga barguna biyu tak. A daren farko iska ta taso daga teku tana kaɗa tagogi, can sai ruwan sama ya kece. Na ji mahaifina ya tashi zaune yana salati. Da gari ya waye ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe yana kallon ruwan da ya kwanta a titi, sa'an nan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Kai, wannan wane irin lokaci ne a wurinsu? Sanyin hunturu da ruwan damina a rana ɗaya?”

Wannan ita ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mini baki da baki, kuma na kasa amsawa. Mu dai shekararmu huɗu ce: bazara, damina, kaka da rani, hunturu kuwa yana cikin rani, busasshe ne mai ƙura da faskara leɓe. A bakin Bahar Rum abin a juye yake, da sanyi ake ruwa, da zafi kuwa ko ɗigo babu. Na je na tambayi mai gadi, ya yi ta dariyar Larabcina, wai ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ya ce muna ƙarshen Amshir ne, watan iska, daga shi sai Baramhat, sai Baramuda da ake girbin alkama. Ashe manoman Masar har yau da watannin Kibɗawa suke lissafin noma.

Da na kawo wa mahaifina wannan bayani sai na ga fuskarsa ta saki. Ya ce ai mu ma muna da namu. Ya shiga lissafa mini taurari 28, kowane lokaci na shekara da bakwai, kowane tauraro da kwana 13. Ya jero na damina, su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa, yana faɗin wanda ake shuka a cikinsa, da wanda gero ke yin ciki, da wanda in ruwa ya ɗauke a cikinsa manomi zai shiga uku. Na ɗauko littafina na fara rubutawa. Ya dube ni ya ce, “Wannan ma abin rubutawa ne?” Na ce, “Baba, irinsa ake koya mana.” Bai ce kome ba, amma kashegari bayan sallar asuba shi da kansa ya ce in ɗauko littafin.

Haka zamanmu ya kasance. Likita ya ce ya riƙa tattaki, saboda haka kullum da hantsi sai mu taka a hankali zuwa wurin da suke kira Lisan, watau harshe, inda reshen Kogin Nilu na Dumyaɗ yake shiga teku bayan tafiyar fiye da kilomita 6,600. Akwai hasumiyar fitila a ƙarshen wurin, a tsallaken kogi kuma ga garin masunta, Izbatul Burji, jiragensu na fita suna komowa. An jibge manyan duwatsu a gaɓa don tare igiyar ruwa, gama tun da aka kammala madatsar Aswan a 1970 laka ta daina isowa, teku kuwa ta shiga cin ƙasa. Mahaifina ya gane wannan nan take, ya ce fadamar da ambaliya ta daina kai wa ziyara ai mutuwa take yi. A kan waɗannan duwatsu na cika littafi uku da sunayen ciyayi, da iri-irin gero da dawa, da kalmomin noma waɗanda da yawansu ban taɓa ji ba, alhali a gidan aka haife ni.

Kada in sa ku zaci daɗi muka sha. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairu, Masar kuwa daga can take sayen yawancin alkamar da take shigowa da ita, sai farashin gurasa ya hau. Ranar 21 ga Maris aka karya darajar fam ɗin Masar, kome ya ƙara tsada. Ni da ban taɓa ɗora tukunya ba na koyi dafa shinkafa da kifi ba gishiri, domin an hana shi. Akwai daren da zazzaɓi ya rufe shi, na fita titi ƙarfe biyu ina neman mota, ba kowa sai ƙugin teku. Mai gadin nan ne ya tashi wani ɗan'uwansa ya kai mu Mansura. A hanya mahaifina ya riƙe hannuna, ya faɗa mini bashin da ake binsa da wanda yake bi, da inda iyakar kowace gona take. Ban rubuta wannan ba, amma ko kalma ɗaya ban manta ba.

Allah ya taimaka ya farfaɗo, aka yi aiki na biyu cikin azumi, wanda ya kama ranar 2 ga Afrilu. Kafin nan sanyi ya ja da baya, gonakin hanyar Mansura sun yi kore shar, alkama ta fara ja. Wata rana kuma iska mai zafi da ƙura, wadda suke kira hamsin, ta taso daga hamada, mahaifina ya shaƙa ya ce yau ya ji ƙanshin gida. Ranar 25 ga Afrilu aka yi bikinsu na Shammun Nasim, na shigowar wannan lokaci da suke kira rabi'i, wanda akan ci rinannen ƙwai da albasa da wani kifi mai wari da aka jiƙa da gishiri, amma da yake ana azumi sai ya wuce ba armashi. Sai da aka yi Salla ranar 2 ga Mayu garin ya cika maƙil, aka buɗe tagogin nan, yara suka cika rairayi. Mai gida ya aiko cewa daga Yuni kuɗin haya zai canza. Mahaifina kuwa da ma hankalinsa ya riga ya koma gida, kullum yana ƙirga kwanakin da suka rage a yi shuka. Likita ya sallame mu, muka bar garin ranar 22 ga Mayu.

Da muka iso gida kome ya koma yadda yake. Ya koma zaurensa, na koma ɗakin samari, saƙo ya ci gaba da biyowa ta wurin baffana. Ban ji haushi ba, domin na san kunya ce ba ƙiyayya ba. Har yau bai ambaci sunana ba, amma baffana ya ce in ana hira a zaure aka yi gardama a kan wata kalma, sai ya ce a bari malamin Hausa ya zo hutu.

Littattafan nan uku su ne nake son in gina kundin digirina a kansu, in malamaina sun yarda. Abin da ke damuna shi ne, sai da aka sayar da gona aka ƙetare hamada kafin in zauna in saurari mutumin da ke kwana taku ashirin daga ɗakina. 'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu muna da irin wannan dattijo a gida, kuma ba jiranmu zai yi ba. In an ba da hutun nan, a sayi littafi da biro, a sami tabarma a zauna daga gefe. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya, amin.